Zaɓi kayan aikin da za su bar ka ka yi barci

Shekara 11 ke nan ina cin abinci da rubuta manhaja a garin Kaduna. Ba wani babban kamfani nake wa aiki ba. Masu makarantu ne, da masu kantin magani, da 'yan kasuwa masu sayar da kaya a sari, sai jifa-jifa wani aiki ya zo daga Abuja ko daga waje. Ɗakin aikina yana cikin gidana a Malali, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan cikin ɗakin na koye shi, wani da daɗi, wani da ciwo.

A shekarata ta huɗu a sana'ar na karɓi aikin wata makaranta: manhajar da malamai za su riƙa shigar da maki, iyaye kuma su duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Lokacin ɗokin sabbin abubuwa ya cika ni. Na raba aikin gida biyar, kowane gida yana zaman kansa a saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhaja a intanet, na haɗa harsunan rubuta manhaja har uku, na ɗauko wani rumbun bayanai da ban taɓa aiki da shi ba, don kawai na ji ana cewa da shi manyan kamfanonin Amurka suke aiki. Ɗaliban makarantar ba su kai 900 ba. Ana jibi za a ba da hutu, cikin sanyin Disamba, gida ɗaya ya daina magana da sauran, maki suka riƙa ɓacewa tsakanin wayar malami da rumbu. Kwana uku na yi a kai, barcin da na samu duka bai kai awa 7 ba. Ran na huɗu da safe na ɗauki kofin shayi ya suɓuce mini, saboda babban yatsana da manuni da na tsakiya sun mutu, ba na jin su sosai. A asibiti aka gwada jinina aka samu 150 bisa 95, ina ɗan shekara 30. Likitar ta dube ni ta ce, "Malam, wane irin aiki ne wannan da ba ya barin ka ka kwanta?"

Na daɗe ina juya tambayar nan a raina. Abin da ya hana ni kwanciya a Disamba tun watan Agusta na shuka shi, ranar da na zauna ina zaɓen kayan aiki. Tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa in ƙanena a sana'a ya zo yana tambayata yadda zai kula da lafiyarsa, ba na fara masa da zancen kujera ko motsa jiki. Daga teburin zaɓe nake farawa.

Ranar zaɓen kaya

Kafin ka rubuta layi ɗaya, tambayi kanka: in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni mako guda, wa zai iya buɗe aikin nan a Kaduna ya gyara? In babu kowa, to ka ɗaure kanka a jikin aikin, ba hutu ba jinya. Ni yawancin aikina da harshen rubuta manhaja na PHP nake yi, da Laravel, wato tsarin da aka gina a kansa don sauƙaƙa aiki. PHP ya fito tun 1995, Laravel kuma Taylor Otwell ya sake shi a 2011, sannan WordPress, tsarin gina shafuka wanda ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya, da PHP aka gina shi. Amfanin tsufan nan a wurinka shi ne, duk tangarɗar da za ta fito maka ƙarfe 11 na dare, wani ya riga ya ci karo da ita shekaru da suka wuce, ya rubuta maganinta. In kuma ka nemi mai taya ka cikin yaran da suka gama Kaduna Polytechnic ko KASU ko ABU Zariya, ba za ka rasa ba. Harshen Python da tsarinsa Django ma haka suke, sun daɗe, sun zauna da gindinsu. Ban ce dole sai irin nawa ba. Wanda ka riga ka iya, wanda kuma ake samun masu iya shi kusa da kai, shi ne naka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sabon abu kuwa ka koye shi, don sana'ar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai dai ka koye shi a kan aikin kanka, ranar Asabar, inda in ya rushe babu mai kiran ka. In za ka shigar da shi aikin kuɗi, guda ɗaya tak a kowane aiki, sauran duka su zama waɗanda hannunka ya saba da su. In abu ya lalace ka san inda za ka fara dubawa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Kada ka gutsuttsura manhaja gida-gida kamar yadda na yi. Manyan kamfanoni suna yin haka ne saboda suna da ɗaruruwan ma'aikata, kowace tawaga da gidanta, don kada su riƙa take ƙafar juna. Kai kaɗai ne, ko ku uku. Manhaja ɗaya, saba ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, PostgreSQL ko MySQL, sun ishi kowace makaranta da kowane kanti da na taɓa yi wa aiki, har da ragowa. Ranar da masu amfani suka yi yawan da saba ɗaya ba za ta ɗauka ba, ranar akwai kuɗin ɗaukar mutane.

Ka kuma yi hattara da yawan ɗauko kunshin aikin wasu kana cusawa cikin naka. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan kunshi mai suna left-pad, layi 11 kacal, daga ma'ajiyar npm, nan take aikin dubban mutane a duniya ya ƙi haɗuwa. Duk kunshin da ka ɗauko baƙo ne da ka sauke a gidanka, kai za ka ci gaba da ciyar da shi. Duba ko har yanzu masu shi suna kula da shi, duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe. In abin da yake yi layi 20 ne, rubuta da kanka. Haka nake ɗaukar abin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke rubuto mini. Ina amfani da su kullum, suna rage mini wahala ƙwarai, amma layin da ban karanta na gane ba ba ya shiga aikin mutane, domin ran da ya karye ni za a tasa daga barci.

Wuta, netwok da dala

Wanda ya rubuta darasin da kake koyo da shi a intanet yawanci yana zaune ne inda ba a ɗauke wuta. Mai kanti a kasuwar Shehu Gumi ba zai tsayar da layin masu saye yana jiran netwok ya dawo ba. Zai koma littafi da biro, da dare kuma ya kira ka ya ce manhajarka ba ta aiki. Saboda haka duk manhajar ciniki da zan yi yanzu, a kan na'urar kantin take ajiye komai da farko, cikin wani ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite, in netwok ya samu sai ta tura wa saba. SQLite ɗin nan tun 2000 yake, fayil ɗaya ne, kuma yana cikin kowace wayar Android da iPhone. Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne in na'ura biyu suka taɓa abu ɗaya ba netwok. Dabarata ita ce kada na'ura ta aika da jimillar kayan da suka rage. Ta aika da abin da ya faru kawai: an sayar da kwali 3, an karɓo kwali 20. Kowane ciniki da lambarsa da ba ta maimaituwa, ta yadda ko an aika sau biyu sau ɗaya za a ƙirga. Saba ita ke yin lissafi. Tunda na koma haka kiran dare a kan ɓatan lissafi ya yanke.

Gwaji kuma a kan wayar da mutanenka suke riƙewa za ka yi shi. Ina da tsohuwar itel a aljihun tebur, da wata Tecno mai tsagaggen gilashi. Abin da bai buɗe a kansu da sauri ba bai gamu ba. Sau da yawa ma shafin intanet mara nauyi ya fi manhajar da sai an sauke, don mutane ba su da wuri a waya, kuma data kuɗi ce.

Sai dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi wa mai aiki alkawarin riƙe masa saba a kan tsayayyen kuɗi na naira ya ji a jikinsa, ni ma na ji. Yanzu hayar saba da sunan shafi da sunan mai aikin ake yin rajistarsu, shi ke biya, ni dai ina kula. Karɓar kuɗi kuma ba na gina shi da hannuna, Paystack ko Flutterwave nake haɗawa, lambar katin kowa ba ta kwana a wurina. Bayanan mutane ma, wanda aikin ba ya buƙata kada ka karɓa. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023, kuma ko ba doka, sunayen 'ya'yan mutane da lambobin iyayensu amana ce.

Abin da ke sa a kira ka da tsakar dare

Komai ƙanƙantar aiki, sa shi cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, tun ranar farko, ka riƙa tura shi wani wuri da ba kwamfutarka ba kafin ka tashi daga tebur. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005, kyauta ne, kuma shi ne ke ba ka damar komawa yadda aikin yake jiya cikin minti ɗaya. Laftof ana sace ta a adaidaita, wuta mai ƙarfi tana ƙona ta, yaro yana zuba mata kunu.

Rumbun bayanai kuwa ya riƙa kwafar kansa kowane dare ba tare da ka tuna ba, kwafin ya tafi wani wuri dabam da sabar. Abin da mutane suke tsallakewa shi ne gwada dawo da shi. Ni farkon kowane wata nake ɗauko kwafi ɗaya in buɗe a kwamfutata in ga ko cinikin jiya yana ciki. Na taɓa samun wani rumbu da ya yi wata biyu yana kwafar fanko ban sani ba. Allah ya rufa asiri na gano kafin a buƙace shi.

Rubuta gwaji mai sarrafa kansa ga duk wurin da kuɗi ko maki suke bi: lissafin ragi, haɗa jimilla, fitar da na ɗaya da na biyu a aji. Ba sai ka rufe ko'ina ba, waɗannan dai kada ka bari. Sabon gyara kuma da safe nake ɗora shi, Litinin zuwa Laraba, lokacin da idona biyu, mai aikin ma yana kusa da wayarsa. Ba na ɗora komai ranar Juma'a, ba na ɗorawa a jajibirin Sallah, manhajar makaranta kuma ba na taɓa ta mako biyu kafin jarrabawa har a ba da hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran kiran dare kuma daga bakinka suke fitowa, ranar ciniki. Mu Hausawa muna da kunya da kara, Alhaji zai ce, "Ɗana, wani ɗan ƙaramin gyara ne," ka ji nauyin cewa a'a. Ƙaramin gyaran nan sau da yawa aikin mako biyu ne. Na koyi cewa, "To Alhaji, in sha Allah za a yi, bari in duba in faɗa maka kwana nawa zai ci da kuma abin da zai kama." Babu rashin ladabi a ciki, kuma ban taɓa rasa mai aiki na kirki saboda wannan ba. A rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da shafi ɗaya ne, a karɓi rabin kuɗi kafin a fara. Wa'adin da zuciyarka ta ba ka, ninka shi biyu kafin ka furta, don ba ta lissafa ɗauke wuta da ta'aziyya da ɗaurin aure da rashin lafiyar yaro ba. Ina da layin waya na aiki dabam, a rubuce yake cewa daga 9 na safe zuwa 6 na yamma ake samuna, in ba manhaja ce ta tsaya cak ba.

In aikin waje ka samu, duba agogo kafin ka duba albashi. Kalifoniya tana bayanmu da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara, wato taron ƙarfe 4 na yamma a can sha biyun dare ne ko ƙarfe 1 a nan. Ingila da Jamus kuwa bambancinmu ba ya wuce awa ɗaya. Na yi wata takwas ina bin agogon Amurka, kuɗin ya yi kyau, amma asuba ta riƙa kuɓuce mini, 'ya'yana kuma sai su tafi makaranta su dawo ban gan su da ido biyu ba. In dole ne, nemi a tattara taruka cikin safiyarsu, sauran a yi a rubuce.

Kujera, ido da hannu

Laftof ba a yi ta don zaman awa 8 ba. In fuskarta ta yi daidai da idonka, hannunka ya yi sama, in hannunka ya yi daidai, wuyanka ya sunkuya. Maganin ba shi da tsada. Ɗaga ta a kan littattafai ko ɗan akwati har saman fuskarta ya zo daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, nisanta da kai kamar tsawon hannunka, sannan ka sayi kibod da maus na dabam ka ajiye a tebur. Gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai kamar kusurwar bango, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe ba a karye sama ba, tafin ƙafa duka a ƙasa. Teburina kafinta ne ya yi mini, na zauna a kan kujerata ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna, a kan wannan awon ya yanke ƙafafun. In kujerar ba ta tallafi ƙugunka ba, naɗe tawul ka sa a bayanka. Aiki a kan katifa da laftof a cinya kuwa ka bar shi gaba ɗaya, shi ya fi komai cin wuya da baya.

Komai kyawun kujera, daɗewa a kanta ne ciwon. A nan mu masu salla an riga an tsara mana ranarmu, in za mu bi. Azahar da La'asar da Magariba suna yanka zaman gida-gida, ga alwala tana sanyaya fuska da hannu, ga tafiya masallaci. Na daina cewa bari in ƙarasa wannan tukuna. Da an kira salla nake rubuta wa kaina layi ɗaya na inda na tsaya, in tashi. Sau da dama ma a hanyar dawowa daga masallaci amsar da na yi awa biyu ina nema take faɗo mini. Tsakanin salloli kuma kowane minti 30 zuwa 40 nake miƙewa, ko da ruwa kawai zan ɗebo. Abokin aikina Kirista da ke Sabon Tasha ƙararrawa ya sa a wayarsa, ya kuma ajiye tulun ruwansa a wani ɗaki da gangan.

Ido yana rage ƙiftawa in ya ƙura wa kwamfuta, shi ya sa yake bushewa yana yaji. Ƙara masa ƙurar hunturu da fanka tana busa maka fuska, sai ka ga da yamma ya yi ja, kai yana sarawa. Kowane minti 20 ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ni bishiyar mangwaron maƙwabcina nake kallo ta taga. Juya fankar ta daina kallon fuskarka, ƙara girman rubutu, kada ka yi aiki cikin duhu da hasken kwamfuta kaɗai. Ina roƙon ka kada ka sayi maganin ɗigawa a ido haka kawai don wani ya ce ya yi masa aiki. Wasu suna ɗauke da sinadarin da, in aka daɗe ana ɗigawa ba da sanin likita ba, yake jawo hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Cibiyar kula da ido ta ƙasa tana nan cikin garinmu ta wajen Mando, mutane daga jihohi masu nisa suke zuwa, mu kuwa kuɗin mota ne kawai.

Hannu kuma yana ba da sanarwa kafin ya ƙi. In babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, musamman da dare, alama ce jijiyar da ta ratsa wuyan hannu tana matsuwa. Jiki magayi. Je asibiti tun da wuri. Ni hutu da gyaran zama da wani abin ɗaure wuyan hannu da nake kwana da shi suka warkar da ni, wanda ya bari ya yi nisa kuwa har tiyata takan kai shi. Kada ka mayar da diclofenac ko ibuprofen abincin kullum don ka ci gaba da zama, suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ko kusa. Ciwon baya in ya zo da mutuwar ƙafa, ko raunin ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi.

Dare

Na san dalilin da ya sa muke raba dare. Wuta ta fi zama, netwok ya fi sauri, data ta fi araha, gida ya yi tsit. Dalilai ne na gaskiya. Amma babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma abin da na rubuta ƙarfe 2 na dare shi nake kwancewa ƙarfe 10 na safe. Shawarar da nake ba duk wanda ya karɓi kuɗin babban aikinsa na farko ita ce, kafin sabuwar laftof, kafin sabuwar waya, ya sayi batir da inbata, in da hali ya ɗora sola ko da falle biyu ne. Laftof da fanka da na'urar intanet ba su da cin wuta, rana kuwa Allah ya hore mana ita a Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ma lissafin janareta ya daina fita. Ranar da na samu wutar da zan dogara da ita da rana, ranar na dawo da barcina.

In janareta ce dai kake da ita, a waje take zama, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6, ko ana ruwa, ko ana tsoron ɓarayi. A cikin hayaƙinta akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kashe gida guda cikin dare ɗaya. Kada a sa ta a baranda rufaffiya ko a lungun ɗaki.

Shayi da kofi da goro da lemon ƙara kuzari duk sinadari ɗaya ne a cikinsu mai hana barci, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jiki. Kofin da ka sha bayan La'asar yana tare da kai a kan gado. Ni daga Azahar na rufe. Teburin mai shayi da sha ɗayan dare, indomi biyu da ƙwai uku da lemo mai sanyi, na yi shekaru a kansa, kuma yana cikin abin da likitar nan ta fara hana ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire. Yanzu tuwona nake ci a gida bayan Magariba, a tebur kuma gyaɗa da dabino da gorar ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Da azumi aikin da ke buƙatar kai nakan yi shi daga bayan asuba zuwa hantsi, in bar amsa saƙonni da ƙananan gyare-gyare zuwa yamma, kuma tun Sha'aban nake gaya wa masu aiki cewa wa'adi zai ƙaru.

Hawan jini ba ya sallama. Sayi na'urar awo ta hannu, ko ka riƙa tsayawa a kantin magani a gwada ka. In ka ga 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu dabam-dabam, ka ga likita, ko shekarunka 25. Motsa jiki kuma minti 150 a mako ne mafi ƙaranci da hukumar ta ba da shawara, wato minti 30 sau biyar. Ni bayan asuba nake zagaya unguwa da sauri har in ji gumi, ranar Asabar kuma in je Dandalin Murtala in bi sahun masu zagaye. Mai son ƙwallo ya koma fili, 'yan'uwana mata da ke wannan sana'a kuma na san wasu da igiyar tsallake suke yi a tsakar gida.

Akwai gajiyar da ba ta jiki ba. Sana'ar nan tana iya sa ka kwana uku ba ka yi magana da kowa ba sai kwamfuta, 'yan'uwa kuma suna ganin kana zaune a ɗaki ne kawai kana danne-danne. Kada ka yanke majalisa, kada ka bar zumunci. Nemi masu irin aikinka ku riƙa haɗuwa, akwai cibiyar masu fasahar zamani ta CoLab a Barnawa, akwai tarukan da ɗalibai suke shiryawa. In ka ga makonni suna wucewa ba ka jin daɗin komai, barci ya ƙi ko ya yi yawa, buɗe laftof ma ya zama kamar ɗaukar dutse, faɗa wa wanda ka yarda da shi, ka kuma nemi likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa da rashin barci, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Manhajar makarantar nan na sake gina ta a hutun dogon zango, mako shida, da Laravel da rumbu ɗaya a saba ɗaya. Na kuma rubuta takarda mai shafi biyu: inda komai yake, yadda ake sake tayar da saba, yadda ake dawo da kwafin jiya, da wanda za a kira. Kwafi ɗaya yana wurin abokin aikina, kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan a rufe a wurin matata. Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ni har aka yi mini ƙarin ruwa, a daidai makon shigar da maki. Sabar ta cika ta tsaya ranar Laraba. Abokin nawa ya karɓi ambulan a ƙofar gida, ya bi takardar layi-layi, cikin minti 40 malamai suka ci gaba da aikinsu. Ni sai ranar Asabar na ji labari, da ya zo duba ni da ledar lemo da kankana.